Bugun Kafaɗa

Ina tsakiyar ɗinka wuyan wata riga na ji Mama Liatu tana kiran sunana ta kan katanga, da wata irin murya da ban san ta da ita ba. Ban tsaya neman takalmi ba. Na tarar da mijinta, Baba Yabo, zaune a ƙasa a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, ya jingina da tayar babur ɗinsa. Sifanar gyaran babur tana hannunsa na dama, na hagun kuwa ya zube a kan cinya kamar ba nasa ba. Gumi ya jiƙa masa singileti sharkaf, alhali hantsi bai gama ɗagawa ba.

"Malam Mudi, ƙirjina," ya ce. "Kamar an ɗora mini buhun masara."

Mun daɗe muna maƙwabtaka da mutumin nan, ni tela shi makaniki, ni masallaci shi coci, kuma ban taɓa jin ya ce wani wuri yana masa ciwo ba. Rigimarmu da shi ɗaya ce tak, ƙarar babur. In na yi ƙorafi sai ya ce in kawo masa keken ɗinkina ya ƙara masa ƙarfi, in riƙa gama kayan sallah tun kafin azumi. Yau ga shi maganar ma da ƙyar take fita.

Ranar kasuwar Bakori ce, ga shi ana tsakiyar girbin waken suya, ƙauyen namu ya zama wayam. Wanda bai tafi kasuwa ba yana gona. Mama Liatu ta kira mai kurkura, keken nan mai taya uku da ke jigila tsakaninmu da Malumfashi, ya ce yana Funtua da lodi, ko ya juyo yanzu sai bayan azahar. Na leƙa gida-gida ban ga ko babur ɗaya ba. Ina dawowa sai ga Sadiq mai injin niƙa ya taho a ƙafa, sanye da farar riga. Nasa babur ɗin ƙanensa ya tafi da shi kasuwa, shi kuma ya zo ne kamar yadda ya saba kullum, don su zaga da Tsohuwa.

Tsohuwa shi ne sunan da Baba Yabo ya laƙaba wa babur ɗin. Ta girmi Sadiq nesa ba kusa ba, tun zamanin da auduga ke tashe a Funtua ya saye ta. Bara, wajen tseren da samari kan yi a kan burji bayan an gama girbi, masu sababbin babura suka yi mata dariya, wani ya ce a kai ta wajen 'yan gwangwan a sayar. Da damina ta faɗi sai Baba Yabo ya kwance injin gaba ɗaya ya baje a kan buhu. Ya ɗauki gidan fistin ya kai Funtua aka faɗaɗa, ya sa fistin da ya fi na da girma. Ya yi ta goga kan injin a kan gilashi da samfefa har yatsunsa suka saɓule, ya buɗa ramin kafireto, ya datse salansa. Ranar da ya tashe ta, kajina ba su yi ƙwai ba. Sadiq, da yake shi ne gwanin tuƙi a ƙauyen, shi zai hau ta ranar tsere.

Sai dai injin da aka yi wa irin wannan aiki ɗanye ne, haka Baba Yabo ke cewa. Sabon fistin bai saba da gidansa ba. In aka matsa masa kafin ya nuna, sai ya yi zafi ya kumbura ya cije, tayar baya ta kulle nan take, ta watsar da duk wanda ke kai. Shi ya sa ake lallaɓa shi a hankali har ya saba. Wasu makanikai sukan ce a yi tafiya kaza kafin a buɗe wuta, shi kuwa Baba Yabo kunnensa ne ma'auninsa. Yakan zauna bayan mai tuƙi, ya ɗora hannun dama a kafaɗarsa yana sauraro. Da an ɗan wuce ƙa'ida sai ya bubbuga kafaɗar, mai tuƙi ya sassauta. Ranar da injin ya nuna kuwa ba ya cewa uffan. Za ka murɗa totur don ƙara wuta ka ji shiru, ka ƙara ka ji shiru, to ya sallame ka ke nan. Duk wanda ya taɓa kawo masa gyara ya san wannan, kuma har jiya da yamma na ga Sadiq yana shan bugu.

Sadiq ya dubi tsohon, ya dubi Tsohuwa, ya dube ni. Babu abin da za mu tattauna, ita kaɗai ce ke da taya da mai a ƙauyen.

Muka ɗora shi a bayan Sadiq. Mama Liatu ta shiga ɗaki ta fito da zanin zumuntar matan cocinsu, ta zagaya shi ta ƙarƙashin hammatar mijinta ta ɗaure a cikin Sadiq. Duk da haka sai an sami mai riƙe shi ta baya, kuma babu wani namiji sai ni. Ni kuwa kowa ya sani, da in hau babur gara in taka kekena har Tsiga in dawo. Na hau ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Wurin ɗora ƙafa guda ne a baya, muka sa nasa ƙafafun a kai, nawa suna reto kusa da salansa.

Ta ce za ta biyo mu da duk abin hawan da ta fara samu. Ta dafa kan mijinta ta roƙi Ubangiji ya yi mana jagora, sannan ta juyo gare ni.

"Malam Mudi, kada ka sake shi."

"Ba zan sake shi ba, Mama," na ce.

Sadiq ya buga kik, Tsohuwa ta ɗauka da ƙarar nan tata mai fasa kunne. Kafin mu fita daga layin, na ga hannun daman Baba Yabo, baƙi ƙirin da baƙin mai, ya lallaɓa ya hau kafaɗar Sadiq ya zauna a inda ya saba zama.

Tafiyar hawainiya muka riƙa yi a kan burjin. Muka wuce masu casar wake, wasu suka ɗago mana hannu, sun ɗauka zagayen da aka saba ne, har wani yana tsokanata wai yau tela ya shiga tsere. Na rungume tsohon ƙam, ƙirjina manne da bayansa, ina jin zuciyarsa tana bugawa ba kan gado, ta yi sauri, ta tsaya, ta ci gaba. Duk tsayawar da ta yi sai in ji tawa ma ta tsaya. Zafin salansa yana gasa mini ƙwauri amma ban sami sukunin janye ƙafar ba.

Da muka wuce gonakin ƙauyen, Sadiq ya ɗan murɗa totur. Nan take hannun ya bubbuga. Ya sassauta. Can gaba kaɗan ya sake gwadawa, hannun ya sake bubbugawa, wannan karon da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba.

"Baba, don Allah ka bar ni in buɗe ta," Sadiq ya ce, ya karkato da kai yana ɗaga murya. "Asibitin da nisa. In ta lalace ta lalace, ma sake wata."

Ni ma na sa baki, na ce masa ƙarfe ne, ba ya da rai, ya bar yaron nan ya yi gudu. Har na ji haushinsa ya kama ni, mutum yana wannan hali amma hankalinsa na kan fistin. Sai ya juyo da fuska kaɗan, bakinsa ya zo daidai kunnena.

"Da saura, Malam. In ta cije ku za ta kayar. Kuna da 'ya'ya."

Na gaya wa Sadiq abin da ya ce, na ga wuyansa ya sunkuya. Muka ci gaba da rarrafe, rana tana ƙara hawa, hanya ta ƙi ƙarewa. Ina ta baza ido ko za mu haɗu da mota, amma duk wadda ta ɓullo Bakori ta nufa, an yi mata lodin buhuna har sama, ga mutane a kan buhunan. Guda ɗaya da na ɗaga wa murya ko waiwaye direban bai yi ba, ƙarar Tsohuwa ta haɗiye kiran.

Muka hau kwalta. Nan ne fa hanya ta miƙe sumul, babu rami babu kwana, irin wadda Sadiq ke mafarkin samu. Ya gwada, aka buga masa. Bugun ya yi rauni yanzu, yatsu ne kawai suke ɗagawa su sauka. Numfashin tsohon ya koma wani gurnani-gurnani da nake ji a hannuwana fiye da kunnena. Na riƙa kiran sunansa ina ce masa mun kusa, ga bishiyoyin bakin gari can, alhali ban hango komai ba.

Daidai wata 'yar gada ya ja numfashi mai tsawo ya sake shi a hankali. Na jira na gaba, bai zo ba. Jikinsa ya yi wani irin nauyi a hannuna, kansa ya kwanta a tsakiyar bayan Sadiq. Na matsa ƙirjina sosai ina neman bugun nan marar kan gado, ko sau ɗaya ne, ban samu ba. Na taɓa riƙe mahaifina a irin wannan lokaci, don haka ban yi wa kaina ƙarya ba. Na yi salati a zuciyata. Hannun nasa kuwa bai faɗo ba, yatsun sun saƙale a wuyan rigar Sadiq.

Kafin in san abin da zan ce, Sadiq ya sake murɗa totur kaɗan, ya saurara. Shiru. Ya ƙara, ya saurara. Na ji bayansa ya miƙe.

"Yauwa Baba! Na gode!"

Ya sa giya, ya buɗe mata wuta gaba ɗaya.

Ban taɓa sanin ƙarfe zai iya irin wannan gudu ba. Tsohuwa ta zabura har sai da na ji kamar za ta zame daga ƙarƙashina, iska ta cika mini baki, gonakin dawa suka zama zane ɗaya a gefen idona. Tsoro ya rufe ni, don ni kaɗai na san babu wanda ya sallame shi. Injin nan ɗanye ne, mai shi ya faɗa da bakinsa, kuma kowane lokaci zai iya cijewa. Na yi niyyar in miƙa hannu in bubbuga kafaɗar da kaina, amma hannuwana biyu su ke riƙe da tsohon, in na saki ɗaya zai sulale gefe ya ja mu duka. Na yi ihu a sassauta, iska ta tafi da shi. Na yi tunanin in kai bakina kusa in gaya masa gaskiya, sai na hango yadda hannunsa zai girgiza a kan kan babur a wannan gudun, na haɗiye maganar.

Sai na koma sauraron injin, ni da ban san komai a kansa ba sai ƙorafi. Duk canjin sauti sai in ce shi ke nan, ga ta nan. Ƙamshin ƙarfe mai zafi yana tasowa. Muka wuce wata motar kasuwa kamar tana tsaye, yaran motar suka bi mu da ido. Sadiq yana ta magana cikin iska, ina tsintar kaɗan-kaɗan, yana tambayar Baba ko ya ji ta, yana cewa wallahi bana babu mai shan gabansu, yana cewa ya yi haƙuri ga gari nan.

Ba ta cije ba. Muka shiga Malumfashi da ƙarar da ta sa mutane darewa, har ƙofar asibiti. Ma'aikata suka fito da gadon turawa. Da ƙyar na buɗe hannuwana, sun sandare. Sadiq ya kwance zanin, aka zare yatsun tsohon daga wuyan rigarsa, aka shiga da shi da sauri. Ni na tsaya a waje, sai lokacin na ga fatar ƙwaurina ta tashi.

Ba a jima ba Sadiq ya fito. Ya zo ya tsaya kusa da ni a inuwar da ya jingine Tsohuwa, idanunsa jawur. Ya ce sun duba, sun ce ya riga ya cika kafin mu iso. Na ce Allah ya ba mu haƙuri, ina tunanin yadda zan dubi Mama Liatu in ta sauko daga mota.

"Amma ya ji ta, Malam Mudi," Sadiq ya ce. "Ko ba komai ya ji ta. Da kansa ya sallame ni, tun daga gadar nan bai ƙara buga..."

Bai ƙarasa ba. Ya dube ni, ni kuma na kasa ɗaga ido daga ƙasa. A hankali ya kai hannu ya dafa kafaɗarsa ta dama, ya bar shi a wurin.

Da ya sauke hannun na ga wurin. Shatin yatsu ne na baƙin mai a kan farar rigar, wani kan wani, sun yi yawa har sun haɗe. A gefenmu injin Tsohuwa yana hucewa, yana ƙas, ƙas, a hankali, zanin Mama Liatu na rataye a kan sirdin.