Tubali a Kan Laraba

Ni dai tun ranar da aka ba Malam usur ɗin nan na san wata rana sai ya ja mana magana. Mutum ne mai sanyin hali, wallahi, ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. Amma da ya rataya usur a wuya, ya sa gajeren wandon kaki, sai ka ce sajan aka aiko daga bariki. Yara suna kiransa Malam Ladan. Ni kuwa Saude, matarsa, da aka kwaso daga Zariya aka kawo wannan makarantar firamare ta bakin daji, gaba da Dogon Dawa, 'yan shekaru bayan an samu mulkin kai. Shi ke koyar da motsa jiki. Gidanmu yana kallon filin wasa, zananmu kuma duk ɓula ce, don haka babu abin da ke wuce ni.

Cikin 'yan matan makarantar akwai Laraba, ita kaɗai daga wani ƙauyen Gbagyi da ke can cikin daji. 'Yar siririya ce, ba ta da surutu, amma in aka ce gudu, ko maza ba sa ganin ƙeyarta. Hedimasta, Malam Andrawus, wanda shi ma Gbagyi ne, ya sha zirga-zirga a keke kafin kakarta ta yarda ta sake ta. Sauran gidajen ƙauyen kuma sun zuba ido, in Laraba ta ji daɗi, baɗi su ma su turo nasu. Abu ɗaya tsohuwar ta ce wa Hedimasta: yadda na ba ku ita, haka za ku dawo mini da ita.

To, sai bikin mulkin kai ya matso, za a tara makarantu a Birnin Gwari a yi wasanni. Cikin wasannin 'yan mata har da tsere da ƙwaryar ruwa a ka, wadda ta zo ta fari ba ta zubar ba ita ta ci. Malam ya riga ya gama lissafinsa, Laraba ce za ta ciyo masa. Ran nan Hedimasta ya tafi taro a gari, Malam ya jera 'yan mata a fili, kowace da ƙwaryarta. Ya hura usur. Kowa ta ɗora a ka, Laraba ta ɗora tata a kafaɗa, can bayan wuya, yadda matan garinsu ke yi.

"Ke! A ka na ce!"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, mu ba ma ɗauka a ka."

Yara suka kwashe da dariya. Ba shi suke wa dariya ba, amma wa zai gaya masa? Na ga kunnuwansa sun miƙe, na ce a raina shi ke nan.

"A garinku ne ba kwa ɗauka. Nan makaranta ce. Ɗora!"

Ba ta ɗora ba. Ba ta kuma yi rashin kunya ba, tsayawa kawai ta yi tana kallon ƙafafunta. Ya sake faɗa, ƙwaryar tana nan a kafaɗa. Sai ya nufi inda aka tara tubalan ginin sabon aji, ya ɗauko guda, ya ce ta durƙusa a tsakiyar fili. Da hannunsa ya ɗora mata a ka. Ya gyara mata haɓa, ya miƙar da bayanta, ya ce, "Haka ake tsayawa. Kuma ba za ki sauke ba sai an buga ƙarfe." Ƙarfen nan wani tsohon wilin mota ne da ke rataye a bishiyar ɗorawa, shi ake bugawa in lokacin tashi ya yi.

Yarinyar nan ko hawaye ba ta yi ba. Ranar kuma ta faɗo ranar kasuwa. Matan ƙauyensu suka fito daga daji a jere, kowace da kwandon doya a kafaɗa, suka biyo ta gefen fili. Ta gaba ta tsaya, ta bayanta ma ta tsaya, har layin duka ya tsaya cik. Suka kalli Laraba, suka kalli Malam, suka wuce.

Washegari Laraba ba ta zo ba. Rana ta biyu ma haka.

Hedimasta ya zo gidanmu da la'asar, suka zauna a zaure, ni kuma ina tsince shinkafa a bayan ƙofa. Da ma ya yi masa faɗa, da ya fi sauƙi. A hankali yake magana.

"Malam Ladan, ka san mutanenmu a kafaɗa suke ɗaukar kaya?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Na ɗauka sabo ne kawai. Na ce in gyara mata."

"Ba sabo ba ne. A wurinmu kai shi ke ɗauke da tunanin mutum, kayan da ke kansa sun ishe shi, ba a ƙara masa. Uwata har ta mutu ko tsinke ba ta ɗora a kanta ba. Kai kuma tubali ka ɗora wa jikar mutane, a gaban 'yan uwan uwarta."

Hedimasta ya ce ya je ƙauyen, tsohuwar ta ƙi ko fitowa ta gaishe shi.

Daga ranar maigidana ya zama wani mutum. In na kai tuwo sai ya gutsiri loma ya ture kwanon. Usur ya rataye shi a ƙusa bayan ƙofa, in ya fita fili sai dai ya tafa hannu, yara kuwa da suka gane ba zai hukunta kowa ba suka mai da darasin kasuwa, wannan na kokawa, wancan na hawan ɗorawa, shi yana tsaye kamar an dasa shi. In ya dawo sai ya zauna ya zuba wa hannunsa na dama ido.

"Saude, da wannan na danna shi. Ta ɗan ɗaga shi da hannu don kada ya taɓa kanta, ni kuma na danna."

Ni da na yi niyyar in wanke shi tas, sai na fasa. Na ce, "To zaman me kake yi? Kallon hannu zai dawo da ita?"

"Da wane ido zan kalli tsohuwar?"

"Da wanda ka kalli jikarta. Tashi, Malam. Ni zan raka ka, mace ta fi jin maganar mace."

Ranar Asabar da sassafe muka kama hanya. 'Yar siririyar hanya ce cikin dogayen itatuwa, ciyawa har ƙugu, raɓa ta jiƙa mini zane sharkaf. Malam yana gaba, babu usur, babu kaki, ya sa farar riga da hula kamar mai zuwa ta'aziyya. Duk tafiyar yana ta maimaita abin da zai faɗa, yana gyarawa, yana sake gyarawa. Ya ce zai cire tseren ƙwarya daga wasanninsa gaba ɗaya. Ya ce gudun tsere kawai za ta yi. Ya ce in ma ba ta son gudun, ta zo ta zauna a aji, shi dai ta dawo.

Muka tarar da tsohuwar a gindin rumbu tana ɓare gyaɗa. Na gaishe ta, ta amsa da Hausarta mai nauyi, ta tura mini turmi in zauna. Malam kuwa ba ta ba shi wurin zama ba, shi ma bai nema ba. Ya cire takalmi ya tsuguna a ƙasa.

"Iya, na yi laifi. Ba yarinyar ce ta yi ba, ni ne. Ta gaya mini gaskiya, na ƙi ji."

Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Na sa baki, na roƙa, na ce ai ɗanki ne, kuskure ya yi, ko abinci ba ya ci. Sannan ta ɗago ta dube mu.

"Ta tafi itace, yanzu za ta dawo. In ta gan ka ta ce za ta bi ka, ba zan hana ta ba."

Kai, sai na ga fuskar Malam ta washe kamar yaron da aka yi wa alkawarin alewa. Har ya fara godiya.

Ba a jima ba sai ga 'yan mata sun fito daga daji, suna hira da yarensu suna dariya, kowace da ɗaurin itace a kafaɗa. Laraba ce a gaba. Ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba. Malam ya miƙe tsaye, ya yi murmushi, ya ce, "Laraba."

Dariyar ta ɗauke. Ta tsaya cik. Ta kalle shi, sai ta kama ɗaurin itacen da hannu biyu, ta cicciɓe shi daga kafaɗa, ta ɗora a kanta. Ta ɗaga haɓa, ta miƙe baya, ta haɗe ƙafafu, daidai yadda ya gyara ta a fili. Ƙawayenta suka ja da baya.

Malam ya matsa kusa da ita. "A'a, a'a, 'yata. Sauke. Don Allah sauke."

Ba ta motsa ba. A hankali ta ce, "Malam, ba a buga ƙarfe ba."

Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar gyaɗa. Ta tashi da ƙyar, ta je ta sauke itacen da kanta, ta kakkaɓe ɓawon da ya maƙale a gashin yarinyar, tana shafa mata kai tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Sannan ta juyo ta dubi Malam. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wannan ba ita na ba ku ba."

Ta kama hannun Laraba suka shige ɗaki, ta saki tabarmar ƙofa.

Muka juyo. Duk tsawon dajin nan Malam yana gaba, ina biye da shi. Sai da muka fito bakin filin makaranta ya tsaya. Tubalin yana nan a tsakiyar fili inda ta sauke shi, ruwan sama ya fara cinye gefensa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya tsaya riƙe da shi a ƙirji, yana waige-waige, ya rasa inda zai ajiye shi.