Ƙafafun Danu

Tun ranar da aka kai Danu gidan renon yara, kakarsa Mbah Sumirah ba ta ƙara kiran sunan Laras, mai kula da yara a can, ba. "Waccan yarinyar" take cewa, tana taɓe baki. Kishi ne tsagwaronsa, ita ma ta san kishi ne, amma ko za a yanka ta ba za ta amsa ba.

Ita ta reni jikan nan tun yana jinjiri, a lungunsu na bayan kasuwa a birnin Solo. Uwarsa Ratri da sassafe take fita kamfanin ɗinki, sai la'asar. Don haka a kwiɓin kakarsa Danu ya girma, cikin zanen batik da take ratayawa a kafaɗa kamar kowace tsohuwar lungun. A nan yake barci, a nan yake ci. Takan riƙe kwanon faten shinkafa ta yi ta zagaya lungu da shi, tana nuna masa kaji da kurciyar maƙwabci a keji, da ya buɗe baki yana kallo sai ta zura cokali. Ƙasa kuwa ba ta yarda ya taka ba. Siminti sanyi gare shi, sanyi kuma ta tafin ƙafa yake shiga ya kumbura wa yaro ciki. Haka uwarta ta gaya mata, haka ta reni nata.

Sai ga Danu ya shekara ɗaya da rabi bai fara tafiya ba. Ranar awon yara, ma'aikaciyar jinya ta lallatsa ƙafafunsa ta ce lafiyarsu lau, a dai riƙa sauke shi. Ratri ba mai musu da uwarta ba ce. Mako na zagayowa ta ɗora shi a babur ta kai shi wurin Laras.

"Bu, ba fa ƙwace miki shi na yi ba," in ji Ratri, da yake Bu take kiran uwarta. "Da yamma ai naki ne."

"Da yamma! Su gama tsotse shi, ni a kawo min ɓawo."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne bakin yaron. A can gidan reno yara na kiran masu kula da su Bunda, wato uwa. Danu da bai gama iya cewa Mbah, wato kaka, ba, sai ga shi yana yawo da "Bunda, Bunda" a baki har cikin barcin rana. Uwa! Yarinyar da ko ɗan tsako ba ta taɓa rena ba.

Wata rana Ratri ta shigo da shi tana murna tun daga ƙofa.

"Bu, Danu na tafiya! Laras ta ce tun makon jiya yake takawa, yau har bakin ƙofa ya kai."

Mbah Sumirah ta ji kamar an mare ta. Ta karɓe shi, ta shimfiɗa tabarma, ta tsayar da shi, ta ja da baya. Danu ya dube ta, ya zauna daɓas, ya ɗaga hannuwa sama.

"Kin gani ko? Ina tafiyar? Daɗin baki take miki don kada ki cire shi."

"Haba, Bu."

"Gobe da ƙafata zan je. In na tarar ƙarya ce, yaron nan ya gama zuwa can, kin ji na gaya miki."

Ratri ta ce ta ji. Tsohuwa kuwa ta wuni tana addu'ar da ba ta dace da kaka ba: Allah ya sa ƙarya ce.

Washegari aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta ɗauki lema ta hau keken haya mai ƙafa uku, ta sauka a gidan renon da hantsi. Baranda cike da ƙananan takalma. Ta tuɓe nata, ta tura ƙofa ba ko sallama.

Abin da ta gani ya kusa sa ta salati. Da yake ruwa ya hana fita tsakar gida, an ture kujeru gefe an mai da falon filin wasa. An tara matasan kai tsibi guda yara na hawa suna gangarowa. An jera kwalaye an fasa gindinsu, wata 'yar ƙiba ta shiga ta nan tana rarrafe za ta ɓulla ta can. An manna jan zare a ƙasa, biyu na bin sa suna tangaɗi, wani kuma ya samu gwangwani da ludayi yana kashe wa kowa kunne. Kuma dukkansu ba safa! Tafin ƙafa a kan tayil, a wannan sanyin.

Danu na tsaye ya dafa kwandon wanki da aka sa wa ƙullin shinkafa a ciki don ya yi nauyi. Yana ɗaga kai ya gan ta.

"Mbah!"

Ya saki kwando, ya zauna daɓas, ya ɗaga hannuwa. Ta sure shi ta ɗora a kwiɓi, daɗi ya cika ta har wuya.

Laras ta taso da sauri. Siririya ce, ɗankwalinta ya karkace, gwiwoyin wandonta duk sun koɗe don rarrafe da yara. Ta rusuna ta kama hannun tsohuwar ta kai goshinta.

"Sannu da zuwa, Mbah. A cikin ruwan nan?"

"Ke ce Bundar? To gani na zo ganin tafiya. Ina take?"

"Yana tafiya, Mbah."

"A mafarkinki?"

Laras ta sunkuyar da kai. Da ta yi rashin kunya ma da ya fi wa tsohuwar sauƙi.

"Ki yi min afuwa, Mbah. Yana tafiya, amma ba a gabanki ba. In ya gan ki ya san ƙafa ta zo, me zai yi da tasa? Ki ɗan tsaya a baranda ta wurin taga, kada ya hango ki."

"Ni za ki kora waje?"

"Wane ni, Mbah. Roƙo nake."

Don ta kunyata ta kawai ta yarda. Ta miƙa shi, ta fita ta ja ƙofa. Danu ya tsala ihu, kukan ya biyo ta har baranda, kuma kunya ko ba kunya, daɗin kukan nan ta ji. Ta laɓe a gefen taga tana leƙe ta tsakanin labule, tana cewa a ranta, to lallashe shi mu gani.

Laras ba ta ɗauke shi ba. Wannan ya ba tsohuwar haushi ƙwarai. Zama ta yi a ƙasa nesa kaɗan da shi, ta jawo kofin ruwan sabulu, ta tsoma ɗan zobe ta hura. Kumfa ta tashi ƙwal-ƙwal ta cika ɗaki, yara suka yi caa a kanta. Kukan Danu ya fara tsinkewa, ya koma shessheka, ya ɗauke. Tun ba a je ko'ina ba!

Sai ya dafa kwandon ya miƙe. Ya tura shi gaba, yana binsa. Wata ƙatuwar kumfa ta gifta ta gaban hancinsa, ya saki kwandon da hannu biyu ya bi ta. Ƙafa a warware, ciki a gaba, hannuwa sama kamar mai tallan da ba faranti. Ya tsallake jan zaren, ya kauce wa mai gwangwani, yana dariya da hawaye a kumatu, har ya faɗa jikin Laras. Ta juya shi ta sake hurawa, ya sake tashi.

Tsohuwar ta toshe bakinta da gefen zane. Jikanta ne ke tafiya, ƙafafun da take shafa wa mai kullum bayan wanka, kuma ba wurinta ya nufa ba. Tana murna, tana jin zafin yarinyar nan kamar ta shaƙe ta, duk a lokaci guda. Sunansa ya zo mata har kan harshe. Kira ɗaya za ta yi, ta sani, ya dawo nata.

Iska ta kaɗa kumfar ta yo wajen taga. Danu ya juyo ya biyo ta, yana tahowa, idonsa na ɗagowa.

Mbah Sumirah ta durƙushe. Gwiwoyinta da ko a sallah sai ta dafa suka bugi siminti, ta duƙa ƙarƙashin tagar cikin jiƙaƙƙun takalman yara, feshin ruwa na dukan bayanta. Daga nan ba ta ganin komai. Sai dai ta ji tafin ƙafafunsa a kan tayil, ɗaf, ɗaf, ɗaf, sun zo dab da bango, sun ɗan tsaya, sun juya sun koma.