Ban Haƙurin da Ya Ƙara wa Haladu Wata Huɗu

Ni Muttaka, mutumin Dauran ne ta ƙasar Zurmi. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, kuma a gidanmu an san ni da abu biyu: rashin sauri da iya gaisuwa. Ban taɓa zaton na biyun zai cuci kowa ba.

Shekara huɗu da ƙaddamar da Shari'a a Zamfara anka kama yayana Haladu. Direban a-kori-kura ne, kowace Alhamis yana ɗaukar mutane da kaya daga kasuwar Shinkafi. Wata Alhamis ya ɗauko wasu samari uku baƙi, ya sauke su Kaura Namoda, sunka biya shi, ya dawo gida ya ci tuwo. Bayan kwana biyu jami'an tsaro sunka zo da mota. Wai samarin suna cikin waɗanda ake nema kan ta'addanci can gabas, wai Haladu ne ke musu jigila.

Anka ajiye shi a wani ofishi mai doguwar katanga. Ba a kai shi kotu ba, ba a bari mun gan shi ba.

Na fara zuwa wurin alƙalin shari'a na yankinmu, don a lokacin mun ɗauka kowace damuwa can ake kai ta. Ya saurare ni har na gama, abin da ba kowa ke iyawa ba.

"Yaro, a shari'a ba a tsare mutum sai da mai ƙara da shaida," in ji shi. "To amma yayanka ba a kawo shi gabana ba. Wanda ba a kawo ba, mi zan yanke a kansa?"

Da na koma gida, kawunmu Baba Jatau ya tara mu. Ya ce hukuma ba a ja da ita, haƙuri ake ba ta. Haka muke yi tun kakanni: in akuyarka ta shiga gonar babba, ko ba ta ci komai ba, za ka je ka durƙusa ka ce kun yi laifi. Ba ka zuwa ka ce wa babba ya yi kuskure. Shi kuma sai ya ce ba komai, magana ta mutu.

"Wa za mu aika?" in ji Inna Rekiya, mahaifiyarmu.

Kowa ya dube ni. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi.

Na sa rigar Juma'a, na tafi. Kwana uku ina zama ƙofar ofishin kafin a shigar da ni wurin wani jami'i mai tabarau. Na cire takalmi, na durƙusa, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi aiki da ruwan bana. Sannan na shiga magana.

"Ranka ya daɗe, Haladu ya yi laifi. Mun san ya yi laifi, duk gidanmu mun sani. Ƙuruciya ce da rashin jin magana. A yi haƙuri, ba zai ƙara ba."

Jami'in ya gyara zama, ya jawo takarda. "Kun san ya yi?"

"Wallahi mun sani, ranka ya daɗe."

"Ya daɗe yana yi?"

Ni kuwa tuƙi na zata. Na ce ya kai shekara shida. Ya yi ta rubutu, ina ta murna a raina cewa haƙurina ya yi nauyin da har ake rubuta shi. Ya miƙo tawada, na dangwala yatsa, na yi godiya, na fita da baya don ladabi. A gida na ce wa Inna ta jiƙa gero, Haladu na tafe.

Wata huɗu shiru.

Wani malamin firamare a Sakajiki ne ya haɗa mu da wata lauya a Gusau, Barista Fauziyya, mai taimakon waɗanda anka tsare ba tare da shari'a ba. Ta ce doka ta ba duk wanda anka tsare damar ya nemi babbar kotu ta sa a kawo shi, a faɗi dalilin tsare shi. In babu dalili, a sake shi. Ta shigar da takarda. Da amsar hukuma ta zo, ta kira ni ofishinta.

"Malam Muttaka, samarin nan ba a kama ko ɗaya ba. Ba a samu komai cikin motar ba. Shaida ɗaya tak gare su, ta wani ɗan'uwansa da ya ce duk gidan sun sani." Ta juyo mini takardar. "Ka san yatsan nan?"

Na dube shi da kyau. Nawa ne, har tabon da lauje ya yi mini na nan a gefe.

"Hajiya, haƙuri na je bayarwa."

"To ka bayar. Sun karɓa, sun sa a fayil."

Ranar zaman kotu na ga Haladu karon farko, an shigo da shi ya rame, gemu ya cika masa fuska. Lauyan gwamnati ya miƙe ya yi ta Turanci, tafinta na juya mana. Ya ce sha'anin tsaro ba kamar satar tunkiya ba ne, in aka ce sai an bayyana komai a fili, waɗanda ake nema za su tsere, rayukan jama'a kuma na kan gaba. Barista Fauziyya ta ce ita ma tana son jama'a su zauna lafiya, amma in kalmar tsaro kaɗai ta isa a rufe mutum wata biyar babu alƙali, to babu direban da zai kwana da tabbacin gobe. Ni dai duk wanda ya yi magana sai in ji kamar shi ke da gaskiya. Na yi ta gyaɗa kai har sai da Baba Jatau ya taka mini ƙafa.

Anka kira ni. Mai shari'a, wani dattijo mai magana a hankali, ya tambaye ni da Hausa.

"Ka ce yayanka ya yi laifi. Wane laifi?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"To don mi ka ce ya yi?"

"Ai ba a zuwa gaban manya a ce ba a yi ba."

"Da an ce maka shi ya sace jirgin ƙasa a tashar Kaura fa?"

Na yi tunani, don ba na son in yi ƙarya bayan na rantse. "Da na ba da haƙuri, ranka ya daɗe. Sai dai in roƙi a bar mu mu maido shi."

Kotu ta fashe da dariya, har ɗan sandan da ke riƙe da Haladu. Mai shari'a bai yi dariya ba. Ya ce takardar nan ba shaida ba ce, ya ba hukuma kwana bakwai: ko ta kawo tuhuma da hujja, ko ta sake shi.

Kwana na bakwai da hantsi anka buɗe ƙofar ofishin nan mai doguwar katanga, Haladu ya fito yana kare ido da hannu. Munka taka har tasha, ya ga mai fura, ya zauna a benci. Na sa aka dama masa, ya sha a hankali har ya kai ƙasan ƙwarya. Ina gefe ina shirya kalmomi.

"Sau uku sunka karanta mini takardarka a ciki," in ji shi.

"Yaya, ni..."

Ya ɗora hannu a kafaɗata, ya miƙe da ƙyar. "Na san don ni ka yi. Amma Muttaka, in an sake kama ni, don girman Allah ka zauna gida."