Ranar da Hajjo Ta Haɗiye Fil

Shagon Wasila a Tudun Wada bai wuce ɗaki ɗaya ba, amma duk macen da ke ɗinki a unguwar ta san hanyarsa. Zare kala-kala jere a jikin bango, maɓallai cikin kwalabe, zif, almakashi, allurar keke da ta hannu, ga yadudduka da ragowar leshi ninke a kan kanta. Daga ciki kuma kekenta ne, inda take yi wa mutane surfani. Ita ba ta kwaikwayon hotunan waya. Daga tsofaffin matasan fata na dukawa take ɗauko zane ta mayar da shi wuyan riga, shi ya sa aikinta ba ya kama da na kowa.

Da hantsi ne abin ya faru. Hajiya Jamila, wata dattijuwa da ta daɗe tana ba ta aiki, ta zo gwada rigar shadda da za ta sa ranar walimar saukar jikanta. Rigar ta yi mata yawa a kafaɗa. Wasila ta jera fil a leɓenta kamar yadda ta saba, tana zarowa ɗaya bayan ɗaya tana kama yadin. Ta juya neman alli ke nan, sai idonta ya sauka kan ɗiyarta Hajjo, 'yar shekara uku, zaune a gindin keke. Ta lulluɓa wa 'yar tsanarta ƙyalle, ta tsuke baki irin na uwarta, ga fil mai jan kai tsakanin leɓunanta.

"Ke Hajjo!"

Tsawar ta fita tun kafin Wasila ta yi tunani. Yarinyar ta zabura, ta ja numfashi, bakin ya rufe. Da ta sake buɗe shi, babu komai a ciki.

Wasila ta tofar da nata filolin a ƙasa, ta durƙusa ta kama haɓar yarinyar. "Ina shi? Buɗe in gani. Ɗaga halshenki!"

Hajjo ta ɗan yi tari, idonta ya kawo ruwa. "Ya tahi ciki, Inna."

Hajiya Jamila ta dafe ƙirji tana salati. "Sa mata yatsa ta amayo shi, ko a samo ayaba a ɗura mata."

Har Wasila ta ɗaga yatsa, sai ta tuna tsinin fil ɗin nan da ke ratsa shadda ninki huɗu ba gardama. Hannunta ya sauka. "A'a Hajiya, in ya soke ta wurin hitowa hwa? Asibiti za mu."

"To tahi, ni ka tsaron shago."

Wasila ta saɓi yarinyar, ta ja hijabi, ko takalmi ba ta duba ba ta zura wanda ƙafarta ta samu. A cikin Napep ta riƙe Hajjo a miƙe kamar kwanon da ya cika da mai, duk ramin da suka faɗa sai ta ji kamar cikinta aka soka. Ta roƙi direba ya yi sauri, da ya yi kuma ta roƙe shi ya bi a hankali. Ita kuwa Hajjo kallon awaki take a bakin hanya, kuma wannan shirun nata ya fi kuka tayar wa Wasila da hankali.

Ta kira mijinta Attahiru, mai sayar da hatsi a kasuwa. "Malam, ka iske mu asibiti. Hajjo ta haɗiye fil."

Ya ce, "Tana numfashi?"

"Tana yi."

"Ga ni nan tahe."

Kafin a gama ɗaukar hoton cikin yarinyar ya iso, ƙurar gero har a girarsa. Likita, wata mace mai sanyin murya, ta ɗaga hoton ta nuna musu. Ga shi nan, ɗan siririn layi fari a ƙasan haƙarƙari. Wasila ta sha sayar da irinsa kwali-kwali, ba ta taɓa ganin tsawonsa ba sai yau.

"Ku gode wa Allah bai bi hanyar huhu ba," in ji likitar. "Yana cikin tumbi, kuma kan ne a gaba, tsinin yana baya. Sau da yawa yakan fita da kansa. Za mu kwantar da ita mu sa ido. In ta fara zazzaɓi, ko amai, ko cikin ya yi tauri, to sai an yi aiki."

"Aiki? A yanka ta?" Wasila ta ji muryarta kamar ta wata.

"Ba mu kai can ba tukuna."

Suka zauna a bakin gado. Attahiru bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi: yaya aka yi? Ta gaya masa duka, har da tsawar. Tun ba yau ba yake cewa a riƙa barin yarinyar wurin mahaifiyarsa, ita ce ta ce ba ta iya yini ba ta ga ɗiyarta ba. Ta jira ya tuna mata. Bai tuna mata ba, ya dai shafa kan Hajjo ya fita alwala. Da ma faɗa ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Daga nan sai jira. Hajjo ta ci tuwo mai laushi, ta yi barci, ta tashi tana neman 'yar tsanarta. Wasila kuwa ba ta matsa daga bakin gadon ba. Yarinyar na motsawa za ta taɓa goshinta, ta danna cikin a hankali ta ce, "Nan da zahi?" Har Hajjo ta gaji ta fara ture mata hannu. Duk lokacin da ta yi bayan gida a fo, Wasila ta ɗauka ta je bayan ɗaki inda haske yake, ta sa tsinke tana tonawa, ba ƙyama ba komai. Ta dawo hannu wofi.

Da aka sake hoto kashegari, fil ya gangara ƙasa, amma ya ɗan karkace. Likitar ta duba shi, ta ce a ƙara sa ido. Da la'asar ɗin ranar jikin Hajjo ya yi ɗumi, ta ƙi abinci, ta ce cikinta. Ma'aikaciyar jinya ta auna ta, ta ce kada a ƙara ba ta komai ta baki sai likita ta gani. Wasila ta san ma'anar wannan. Ta fita baranda ta jingina da bango, ta zauna a ƙasa. Attahiru ya tsuguna kusa da ita.

"Ni na kashe ta, Malam. Da ban yi tsawa ba..."

"Bari hwaɗin haka. Ko ni na gani, tsawar zan yi. Tashi, tana kiranki."

Ashe fo Hajjo take nema. Wasila ta ɗora ta, ta riƙe mata hannuwa biyu, yarinyar tana yamutsa fuska tana ƙaramin kuka. Bayan ta gama, Wasila ta ɗauka ta nufi bayan ɗaki, ba don tana sa rai ba. Ta sa tsinke sau ɗaya, sau biyu, sai ta ji ya taɓa abu mai tauri. Jan kan ne ya fara bayyana.

Ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba. Ta wanke shi a famfo, ta duba shi tun daga kai har tsini ko ya karye, ta ga lafiyarsa ƙalau. Sannan kuka ya zo mata, irin mai girgiza kafaɗa, har wata mai jinya da ke wanki ta taso ta riƙe ta tana tambaya ko rasuwa aka yi.

Washegari likita ta duba Hajjo, zazzaɓin ya sauka, ciki ya yi laushi, ta sallame su. A bakin ƙofar asibiti yarinyar ta hango mai fura ta kafe sai an saya mata. Attahiru ya saya, ya tare Napep, ya karɓi Hajjo ya ɗora a cinyarsa. Ba su yi nisa ba ya juyo zai tambayi Wasila ko gida za su fara ko wurin mahaifiyarsa, ya tarar ta jingina kai da ƙarfen Napep, barci ya riga ya ɗauke ta.