Madara a Tukunyar Baba Geng

Goggo Pang ta taɓa kwalbar madarar, ta janye hannu kamar an mintsine ta.

"Yulan, wannan ƙanƙarar zan ɗura wa jikata da sassafe? Ke ba ki da ciki ne?"

"Goggo, sabuwa ce fa. Jiya aka tatso ta."

"Ko yanzu aka tatso ta! Sanyi ke lalata cikin mutum." Ta maƙale mafecin rawarta a hammata, ta wuce.

Kwana ashirin ke nan Qiao Yulan na tsayawa a ƙofar unguwarsu a birnin Zhengzhou, gefen firijin da kamfanin madara ya ba ta. Abin haushi, kowa na son madarar. Babu kakar da ba ta so jikanta ya kere ubansa tsawo. Amma ta kwali suke saya a babban kanti, su ɗumama a gida. Jiya Manaja Dou na kamfanin ya faɗa mata ƙarara: idan kwalabe suka sake komawa ba a sayar ba, ƙarfe tara na safiyar yau mota za ta ɗauke firijin. Tsoro ya kama ta sosai. Shekararta arba'in da bakwai, masaƙar da ta yi wa aiki ta rufe, wa kuma zai ɗauke ta aiki?

Baba Geng, maƙwabcinta mai sayar da turararren burodi, ya ɗaga murfin tukunya yana dariya.

"'Yar nan, shekara talatin ina nan, ban taɓa miƙa wa tsohuwa abu mai sanyi ba. Kamfaninku yaran ofis ne, ba su da kakanni."

"Dokarsu ce, Baba. Daga firiji sai hannun mai saye."

"To, ki sayar wa dokar."

Ta dubi ruwan zafin da ke tururi a babbar tukunyarsa. Ko ta bi doka ko ta karya, ƙarfe tara dai na zuwa. Ta kwaso kwalba shida ta jera a ciki.

"Kai! Tukunyata!"

"Matsa, tsoho." Ta buɗe murya kamar yadda ba ta taɓa ba: "Madara mai ɗumi! Sabuwa, mai ɗumi!"

Goggo Pang ce ta fara dawowa, da ƙawayen rawarta uku. Ta ɗora kwalbar a kumatu, ta lumshe ido.

"Yawwa! Yanzu kika zama mutum. Ba ni biyu."

Kafin a ce me, labari ya zaga filin motsa jikin unguwar, inda tsofaffi ke rawa da safe. Kakanni suka yo ɗango, wannan na cusa kwalba a aljihun riga, waccan na faɗa an tsallake ta. Baba Geng na mita, burodinsa na tafiya tare da madarar. Yulan tana dariya, hawaye na zubo mata.

Tara daidai Manaja Dou ya sauko daga mota da ma'aikata biyu da igiya. Ya leƙa tukunyar, ya haɗe rai.

"Wa ya ba ki izini?"

"Samari, bi layi," in ji wani tsoho a bayansa.

Dou ya buɗe firijin. Wayam. Ya dubi mutum goma sha da ke jira, ya sosa ƙeya, ya juya wajen direba.

"Ku ajiye igiyar. Ku koma ku ɗauko akwati biyar."

Yulan ta goge hannu da ƙyalle, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Goma," ta ce.