Gidan Haya a Gindin Katangar Sakandare

Daren jiya mafarki ya kai ni neman gidan haya. Burina ɗaya ne: in samu ɗaki biyu da falo kusa da sakandaren da 'yata Ramlatu take, domin ta huta da bulalar latti da take sha kullum a bakin get.

Dillalin bunsuru ne, sanye da babbar riga, makullai rataye a ƙahonsa. Ban yi mamaki ba, na sha hulɗa da dillalai.

"Nan kusa ne, Malam," in ji shi. Muka yi tafiyar kwana uku. A hanya aka yi ruwa, daga ƙasa yana hawa sama, ya jiƙa mana haɓa.

Sai ga mu a ƙofar wani gida da ya jingina da katangar makarantar. Daga taga ina jin malamin lissafi yana tari. Mai gidan wata jimina ce, Hajiya Tabawa, tana tsinkar zogale.

"Kana da iyali?"

"Ina da su, Hajiya."

"Madalla, ba na ba gwauro. Yara fa?"

"Ɗaya."

"Ba na ba mai yara. Hayaniya."

A bayanta ɗalibai dubu na rera taken ƙasa. Na nuna mata su, raina a ɓace.

"Waɗannan ba a gidana suke kwana ba," ta ce.

Na kawo mai unguwa ya tsaya mini, na kawo takardar digirina. Bunsurun ya cinye ta, ya ce ta yi. Aka ba ni makulli bisa sharaɗin Ramlatu za ta riƙa numfashi a hankali.

Da safe na kama hannunta muka fita neman get. Babu. Katanga ce kawai, ta miƙe har Jigawa.

"Get ɗin yana ɗaya ɓangaren," in ji bunsurun. "Adaidaita biyu ne kacal. Kai ka ce kusa da makaranta, ba ka ce kusa da ƙofa ba."

Na cakumi rigarsa. Daga can cikin katanga aka fara kaɗa ƙararrawa, wani yana gwada bulala a iska.

Bugun ƙofa ne ya tashe ni.

"Baba, takwas saura! Tun ɗazu nake jira ka sauke ni."