Reshen da Ya Tsallaka Katanga

...kuma ai gaskiya ce da ni. Na ce da Arezki mai sayar da dashe: itacen lauz nake so, wanda ke fure tun dusar ƙanƙara ba ta narke a kan dutse ba. Ba mai jiran kowa ya gama ba. Fari, kuma da wuri. Magana biyu ce, ina wahalar fahimtarta?

Shekara da shekaru ina ban ruwa, duk Fabrairu in fito in tsaya... itace tsirara, sai can kowa ya gama sannan ya tofo ɗan abin da ba ya cika tafin hannu. Ni Tawus, da na koyar da rabin ƙauyen nan rubutu, a sayar mini da sanda?

Shi ya sa na tare shi a kasuwar Alhamis. Gaban masu zaitun, gaban kowa. Ka zo ka tone abinka, ka kawo na gaskiya! Ya cire hula yana, “To, Malama. Asabar, Malama.”

Yau Asabar.

Ga ni tsaye a kan kujera a jikin katanga, ina leƙen gidan mutane kamar ɓarauniyar kaji... ina tsufana, ina wannan?

Wardiya ce ta jawo. Maƙwabciyata, wadda tun rigimar magudanar ruwa ko gaisuwa ba ma yi. Ɗazu sai ga ta a ƙofa da kwanon kuskus, tana kallon ƙasa. “Ke dai bakinki ba ya gajiya, Tawus, amma itacenki ɗan albarka ne. Lunis ba ya barin a rufe taga.”

Wace taga? Wane itace?

Wannan. Reshe guda ya tsallaka katanga ya sunkuya can inda rana take, ya yi fari fat, ƙudan zuma sai kuka suke a kai. Ɓangarena inuwa ce, inuwar gidana da kaina. Ni kuwa da na yi rantsuwar ba zan ƙara ɗaga ido wajen nan ba...

Ga tagar. Ga Lunis, mijinta, a kwance, rabin jikinsa a mace tun kaka. Bai gan ni ba. Furen yake kallo, bakinsa a karkace. Murmushi ne? Haka yake yi yanzu?

To amma nawa ne! Ni na saya, ni na shayar! Haƙƙi haƙƙi ne, haka na koya wa yara. Wa zan kai ƙara, rana? Katanga?

In sauka in ce wa Arezki me? Na fasa? Gobe duk kasuwa ta ji Malama ta yi wa mutum jan biro a kan amsar da take daidai...

Ƙarar mota a gangare. Ta Arezki ce, na san tarin nan nata. Diga da shebur suna karo a baya.

Sauka, Tawus.

Kuskus ɗin ma ya huce... gwiwar nan ta ƙi lanƙwasawa, ga shi ana buga ƙofa, Lunis kuma ya juyo da ido, ya gan ni, yana ƙoƙarin ɗaga hannun da ya rage masa...